Karen kiwo mai tashen balaga: yadda zaka riƙe shi daga wata 6 zuwa shekara 2

Idan ka sayi kwikwiyon German Shepherd, wanda a wajenmu aka fi sani da Alsatian, ko Belgian Malinois da yanzu samari ke rububinsa, ko Border Collie duk da shi ba kasafai ake ganinsa ba, to watanni biyar na farko daɗi ne zalla, kana tafe yana biye da kai, kace zauna ya zauna, har ka fara cika baki a majalisa cewa naka daban ne. Yana kai wata bakwai ko takwas sai labari ya sha bamban. Ka kira shi ya ɗago ya kalle ka ya ci gaba da abinda yake, ya tone shukar tsakar gida, ya yayyaga kayan shanya, ya tauna wayar janareta, ɗan acaɓa ya gifta ya bi shi a guje, yara na buga ƙwallo ya faɗa tsakiyarsu yana kai musu cafka a dunduniya. A daidai wannan gaɓar ce yawancin mutane suke karaya, wani ya ɗaure shi da sarƙa a bayan gida ya manta da shi sai lokacin tuwo, wani ya nemi mai saye yana cewa an cuce shi karen ba na asali bane.

To na asalin ne ma yake haka. Waɗannan karnukan shekara da shekaru aka yi ana zaɓo waɗanda basa gajiya kuma idonsu baya barin duk abinda ke motsi ana haɗa su barbara. German Shepherd wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyarsa a 1899, kuma daga karnukan makiyayan tumaki ya tsamo shi. Malinois daga yankin birnin Mechelen na Beljiyam yake, shi ma ɗan kiwon tumaki ne kafin 'yan sanda da sojoji su gano shi. Border Collie kuwa na kan iyakar Ingila da Sikotilan ne, inda kare ɗaya zai hau tsauni ya tattaro garke guda makiyayi na tsaye yana masa fito. Ba irin karen ruga bane da muka sani, wanda aikinsa gadi da haushi in baƙo ko kura ta matso, shanun kuma makiyayi ne ke juya su da murya da sanda. Wannan shi ne mai juya garken da kansa, yana kewayawa yana tarewa yana korowa, in baka ba shi garke ba zai nemi nasa, kuma a unguwa garken da ya samu shi ne babura da kaji da yaran maƙwabta.

Sannan ga balaga a kai. A 2020 masu bincike ƙarƙashin Lucy Asher ta jami'ar Newcastle a Ingila sun bibiyi 'yan karnukan da ake rainonsu don jagorantar makafi, ciki har da German Shepherd, suka ga cewa a wata 8 karen ya fi yin kunnen uwar shegu da mai riƙonsa in yace masa zauna fiye da yadda yake yi a wata 5, amma in baƙo ne ya faɗa sai ya zauna. Wato dai mai gida ake yi wa taurin kan. Abin yana farawa wajen wata 6, ya yi tsanani tsakanin 8 zuwa 12, ya lafa a hankali, manyan irin Alsatian da Malinois sai sun doshi shekara 2 kafin hankali ya zauna sosai. Aikinka a wannan tsakanin shi ne ka fito da shi ɗaya gefen gaɓoɓinsa lafiya, bai koyi mugun hali ba, kuma bai daina yarda da kai ba.

Mataki na farko, fara da jikinsa

Kafin ka fito da shi waje ka tabbatar ya gama alluransa, ta ciwon haukan kare da kuma haɗaɗɗiyar nan da ke kare shi daga fabo, cutar da ke sa amai da gudawar jini tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Katin allurar ka ajiye shi inda kake ajiye takardun gida, domin ranar da ya yakushi yaron wani, abu na farko da za a tambaye ka kenan. Maganin tsutsar ciki duk bayan wata 3, sai maganin kaska da ƙuma yadda likitan dabbobi ya tsara maka. Kaska ba ƙaiƙayi kawai take sawa ba, tana saka cututtukan jini, in kaga kare mai rawar kai ya yi laushi kwatsam, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, kada ka yi murna wai ya yi hankali, asibiti zaka kai shi.

Wani abu da nake so ka riƙe da kyau shi ne maganar allurar Ivomec. Mu nan da an ga kaska ko ƙazuwa a jikin dabba sai a kira mai allurar awaki ya tsira masa, babu awo babu komai. To a cikin karnukan kiwo akwai masu gadon wata naƙasa a jini da ake kira MDR1, ta fi yawa a dangin Collie da Australian Shepherd, ana samunta a wasu German Shepherd ma, irin waɗannan maganin yana haurawa ƙwaƙwalwarsu, sai kaga kare yana tangaɗi yana dalalar da yawu, ido ya daina gani, wani ya suma ya tafi kenan. Don haka likita ne kawai zai yanke wannan, kuma ka gaya masa irin karen. Farasitamol da ibufurofen na mutane ma kada ka ba shi da kanka.

Mataki na biyu, toshe masa ƙofofin ɓarna

Duk abinda kare ya yi ya ji daɗinsa zai sake, kuma kora tana da daɗi a wajensa fiye da nama. Ranar da ya bi babur mai babur ya ƙara wuta ya tsere, a lissafinsa shi ya kore shi, gobe zai ƙara himma. Saboda haka kafin kace zaka koya masa komai ka hana shi samun damar maimaitawa. Get a rufe, ka gaya wa 'yan gida da mai gadi da yaron aike cewa ba a buɗewa sai an san inda karen yake. Katanga ka duba ta, Malinois ɗan wata 10 yana haure wadda baka zata ba, musamman in ka bar masa durom ko tulin bulo a gindinta. Kaji da 'yan awakin gida a raba su da shi da waya, takalma da bokitin shara da wayoyin wuta a ɗauke.

Sai ka nemi doguwar igiya, mita 8 zuwa 10, mara nauyi, ka ɗaura ta a ɗamarar ƙirji ba a wuya ba, saboda in ya zabura a guje ya kai ƙarshen igiyar da wuya zai iya jin ciwo. Wannan igiyar ita ce zata zama abokiyar tafiyarka na wata da watanni, duk inda ba a katange ba tana jikinsa, yana da 'yancin shinshine-shinshine da ɗan gudu amma ba zai iya ƙin zuwa ba in ka kira. Kada ka naɗe ta a yatsu ko a wuyan hannu, ta zame da ƙarfi tana ƙona fata, gara ka sa safar hannu ko ka take ta da ƙafa.

Ka lura ba ina nufin ɗauri a turke ba. Karen kiwo da ke wuni a sarƙa yana kallon mutane na wucewa baya iya isa gare su, ga yara na jifansa ta saman katanga, shi ne yake zama mai cizo, kuma ranar da sarƙar ta tsinke ba ɓarawo zai fara samu ba, na gida zai samu.

Mataki na uku, motsa jiki, nawa kuma yaushe

A nan ne ake yin kuskure ta gefe biyu. Wani baya fita da shi sam, wai ai tsakar gidan na da faɗi, alhali kare baya yi wa kansa atisaye a tsakar gida, sai dai ya yi sintiri a bakin get yana haushi. Wani kuma ya ji ance karen na da kuzari sai ya ɗaure shi a keke ko babur ya yi ta zagaye da shi kilomita da kilomita a kan kwalta, ko ya wuni yana jefa masa ƙwallo sau hamsin. Wannan na biyun yana da illa iri biyu. Na ɗaya, ƙasusuwan babban kare basa gama haɗewa sai tsakanin wata 12 zuwa 18, bakin ƙashin guringuntsi ne mai laushi, gudu na dole a ƙasa mai tauri da tsalle daga bayan mota da birkin gaggawa a kan ƙwallo duk suna cinsa, kuma German Shepherd dama an san shi da matsalar kwatangwalo da gwiwar gaba. Na biyu, kamar ɗan dambe ne da kake ƙara wa horo kullum, yau awa ɗaya ta gajiyar da shi, bayan wata guda awa biyu ma ba zata ishe shi ba, ka wayi gari da kare mai ƙarfin tsiya wanda har yanzu bai iya zama wuri ɗaya ba.

Abinda nake ba da shawara ga ɗan wata 6 zuwa 12 shi ne fita biyu a rana, kowacce minti 30 zuwa 45, a kan ƙasa ko yashi ko ciyawa, da doguwar igiya, shi yake zaɓar saurinsa, in ya so ya ruga in ya so ya tsaya ya shinshina gindin bishiya minti biyu, ka ƙyale shi, shinshinar nan aiki ce. Bayan shekara ɗaya ka riƙa ƙarawa a hankali, gudu tare da kai ko bin keke kuma ka bari sai ya wuce wata 18 likita ya duba shi. In akwai ruwa mai tsafta marar ƙarfin gudu kusa da ku, iyo ya fi komai sauƙi ga gaɓoɓi, amma ba kududdufin unguwa ba.

Lokaci kuma rana ce ke yanke shi ba kai ba. Waɗannan karnukan ƙasar sanyi ne, gashinsu ninki biyu, kuma kare baya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi daga Maris zuwa Mayu zafi na haura 40, don haka fitar safe da an idar da sallar asuba ne, ka dawo kafin rana ta ɗaga, ta yamma kuma sai gab da magariba ko bayanta. Kafin ku taka kwalta ko siminti ɗora bayan hannunka a kai ka ƙirga bakwai, in ka kasa jurewa to tafin ƙafarsa zai saɓule. Ka tafi da gorar ruwa da ɗan kwano. Matsalar irin su Malinois ita ce basu san su tsaya ba, in kana jefawa zai yi ta ɗaukowa har ya faɗi, kai ne zaka sa ido. Da kaga harshe ya zazzago ya yi faɗi a ƙarshe, yawu ya yi kauri yana yauƙi, yana neman inuwa, ko ƙafafun baya sun fara harɗewa, tsaya nan take, kai shi inuwa ka kwarara masa ruwan sanyi a jiki duka, musamman ciki da cinyoyi, ka yi masa fifita ko ka sa shi gaban fanka, ka ba shi ruwa kaɗan kaɗan, sannan ku nufi likita ko da ya nuna ya warware. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafin ne. Kuma kada ka aske shi tas wai don ya sha iska, taje shi zaka riƙa yi kana cire mataccen gashin ciki.

Kun dawo gida ka duba tsakanin yatsunsa da hammata da bayan kunne, ƙarangiya tana maƙalewa a nan, ga ƙaya ga kaska. Da damina in ciyawa ta yi tsawo ka rage barinsa yana cusa hanci a rami, maciji da kunama basa tambayar kuɗin da ka saye shi.

Mataki na huɗu, ba kansa aiki

Wannan shi ne inda maganin yake, kuma shi ne mutane suka fi rainawa saboda baya kama da atisaye. Minti 15 na aikin hanci da tunani yana kwantar da irin wannan karen fiye da dogon gudu.

Fara da abincinsa. Daina zuba masa duka a kwano ya lashe cikin minti ɗaya. In busasshen abincin buhu kake ba shi, ɗebi rabi ka watsa a ciyawa ko tsakar gida mai tsafta kace "nemo", ya bi ɗaya bayan ɗaya da hanci. Bayan kwana biyu uku sai ka ɗaure shi ko wani ya riƙe shi yana kallo, ka ɓoye ɗan nama a ƙarƙashin kwano, a bayan turmi, a cikin kwali, ka sake shi. In ya gane wasan sai ka daina bari ya ga inda ka sa, ka ƙara nisa, ka ɗora wani a kan ɗan tudu, har ka kai ga jan tsumma mai warin nama a ƙasa ka yi masa sawu mai lanƙwasa ya bi. Zaka ji numfashinsa ya canza yana fus fus da sauri, bindi na kaɗawa a hankali, in ya gama sai ya sha ruwa ya zube.

Na biyu sanda da tsumma. Nemi sanda ko bututun roba mai tsawon mita ɗaya da rabi, ɗaura igiya a bakinta, a ƙarshen igiyar ka ƙulla tsohon tsumma mai kauri ko guntun buhun algarara. Kana tsaye a tsakiya kana jan tsumman a ƙasa yana kora. Amfanin wasan ba gudun bane kawai, dokokin ne. Sai ya zauna kafin a fara, tsumman na motsi a gabansa yana rawar jiki amma ba zai tashi ba sai kace "kama". Ya kora daƙiƙa 15 ko 20 ka bar shi ya cafke, ku ɗan ja, sai ka tsayar da hannunka cak, tsumman ya mutu, kace "saki", da farko ka kai masa ɗan nama bakin hanci ya saki don ya karɓa, yana saki kace "yawwa" ku sake sabon zagaye. A haka yake gane cewa sakin abu da jira su ne ke buɗe masa ƙofar kora. Tsumman ya tsaya a ƙasa, banda ɗaga shi sama yana tsalle yana murɗa baya, kuma minti 5 ya isa, sau uku ko huɗu a sati.

Na uku, koyarwa gajera gajera, minti 3 zuwa 5 sau uku a rana, ta fi awa guda ranar Asabar. Zauna, kwanta, tsaya, zo, bari, je wurinka. Zaɓi kalma ɗaya ga kowanne kowa a gidan ya yi amfani da ita, da Hausa yana ji sarai, babu dole sai Turanci. Ladan kuma ya zama abu mai daraja yankakke ƙanana kamar ƙwayar wake, dafaffiyar hanta ko huhu ko naman kaza babu gishiri babu yaji. Faɗi sau ɗaya. In ka saba cewa zauna zauna zauna sau biyar, ya koyi cewa na biyar ɗin ne na gaske.

Mataki na biyar, kira da maganin kora

Ka ɗauka cewa kiran da ya iya yana kwikwiyo ya goge, ku koma farko. A cikin gida, babu abin ɗauke hankali, kira sunansa kace "zo" da sakin murya, ka ja da baya, yana isowa ka riƙe abin wuyansa da hannu ɗaya ka ba shi nama da ɗayan, sannan ka sallame shi ya koma wasansa. Wannan sallamar tana da muhimmanci, in duk sanda ka kira shi keji ne ko wanka ko ƙarshen yawo, zai daina zuwa, kuma da gaskiyarsa. Cikin kira goma, tara su zama zo karɓi ka koma. Daga gida ku koma fili da doguwar igiya, in ka kira ya share ka kada ka maimaita, taka igiyar ka tattaro shi a hankali ba fizga ba, ya iso ka yaba masa kaɗan, ka gane cewa wurin ya fi ƙarfinsa tukuna. Kuma duk haushin da ya baka, in ya zo da ƙafarsa kada ka doke shi, abinda zai riƙe shi ne zuwa wurinka ke jawo duka. In ya kuɓuce kada ka bi shi, gudu zaka yi ta ɗaya ɓangaren kana kiransa, shi mai kora ne zai biyo ka.

Maganar babura da awaki kuma nisa ne sirrinta. Kafin kare ya zabura yana nuna alama, jiki ya sandare, baki ya rufe, kunne ya miƙe gaba, kai ya sunkuya, ido ya kafe. Daga kafewar idon zuwa zabura daƙiƙa ɗaya ce ko biyu, in ya riga ya zabura kunnensa ya toshe, ihunka ƙara masa zuga yake. Don haka nemi wuri da zaku hango titi daga nesa, nisan da zai ga babur amma har yanzu yana iya karɓar nama a hannunka, ko mita 50 ne. Babur ya ɓullo, ya kalla, kace "yawwa", ya juyo ka ba shi. Haka haka, babur nama, babur nama. Bayan 'yan kwanaki zaka ga da ya hango babur da kansa yake waigo ka yana jiran rabonsa, to sai ku matsa taku biyar. Ranar da ya ƙi karɓa ko ya fara haushi kun matsa da yawa, ku koma baya, ba faɗuwa bace. Haka zaka yi da a daidaita sahu da kaji da yara masu gudu, kowanne daban, don iya na babur baya nufin ya iya na akuya. Garken shanu ko tumakin mutane kuwa kada ma ka gwada sakinsa kusa da su wai kaga ko jinin kiwon na nan, dabba ɗaya ta karye ko ta yi ɓari ka jawo wa kanka rigimar da ta fi kuɗin karen, shi ma yana iya shan ƙaho ko sanda.

Cafkar dunduniya a gida kuwa, ka koya wa yara in ya biyo su su tsaya cak su harɗe hannu su daina ihu, abin kora ya mutu kenan, kai kuma ka kira shi ka ba shi tsummansa. Amma gaskiya ƙananan yara da irin wannan karen ba a barinsu su kaɗai, in lokacin guje-gujensu ne a kai shi wurinsa. Tsalle a jikin baƙi ma ka kashe shi da wuri, mutum ya sha farar shadda zai tafi masallaci da alwalarsa kare ya ɗora masa ƙafa ya lashe shi, ka ɓata da maƙwabci kenan. Baƙo zai shigo, igiya a jikinsa, ya zauna a gefenka, ka ba shi lada a zaunen, wanda baya son kare kuma ba a tilasta masa.

Mataki na shida, koya masa kwanciya

Mutane na mamaki in nace wannan ma koya ake yi. Matashin kare na bukatar barci mai yawa, fiye da rabin yini, kuma da yawa daga haukan yamma da kake gani, zagaye gida a guje da cizon hannu da haushi babu dalili, rashin barci ne ba rashin gudu ba. Ware masa wuri mai inuwa da iska nesa da get, ka shimfiɗa tabarma ko buhu. Bayan kun dawo yawo ka zauna a kujera, igiya gajera ƙarƙashin ƙafarka, kada ka kula shi. Zai yi kuka, zai ja, zai kawo maka takalmi, daga ƙarshe ya gaji ya kwanta, to a lokacin ka ajiye masa ɗan nama tsakanin ƙafafunsa shiru babu zuga. In ya sauke haɓa ƙasa ka ƙara wani. Kullum minti 10, sai ka fara haɗawa da kalmar "je wurinka". Abin tauna yana taimakawa sosai, busasshiyar ganda ko babban ɗanyen ƙashin shanu wanda ya fi bakinsa, kana kusa, in ya fara farfashewa ka ɗauke. Duk sati a ware rana guda da babu wasan kora sam, yawon shinshina da tauna da barci kawai.

Sauran abubuwa da zaka ci karo da su

Abinci sau biyu a rana, kuma kada ya ci ya ƙoshi ku fita gudu, a bar awa ɗaya kafin ci da kamar biyu bayan ci, saboda karnuka masu zurfin ƙirji irin Alsatian cikinsu na iya kumbura ya murɗe, in kaga ciki ya yi tam yana yunƙurin amai babu abinda ke fita wannan na gaggawa ne. Ragowar tuwo kaɗai ba zai gina shi ba, yana bukatar nama ko kifi ko ƙwai, kuma banda albasa da tafarnuwa da inibi da cakulan da goro da dafaffen ƙashin kaza, wato ragowar tsire da miyar gida ba nasa bane. Kada ka bari ya yi ƙiba, ka riƙa jin haƙarƙarinsa in ka shafa.

In karya ce, tsakanin wata 6 zuwa 12 ko ɗan sama zata fara zuwan jini, yana ɗaukar kamar sati 3, halinta zai canza, karnukan unguwa zasu yi sansani a ƙofar gidanka, a wannan lokacin babu sakinta ko na minti ɗaya kuma kada a yi mata barbara a zuwan farko, ita ma yarinya ce. Namiji kuma zai fara ɗaga ƙafa a kowane lungu yana yi wa wasu mazan gurnani. Fiɗiya bata maganin kora ko rashin jin kira, kuma a manyan karnuka likitoci da yawa sun fi so a jira ƙashi ya gama girma, ku tattauna da naka.

Wani lokaci kuma zaka ga ya tsorata da abinda ya saba gani, baro ko mai hula kwano ko leda na tashi a iska, ya tsaya yana haushi yana ja da baya. Kada ka ja shi dole zuwa wurin, kada ka doke shi, ku tsaya daga nesa ya kalla ya shinshina iskar har ya saki jiki da kansa. Masu cewa a kulle shi a duhu a riƙa ba shi yaji ko a zane shi don ya yi zafin gadi, matsoracin kare mai cizo suke haɗa maka. In kuwa ya taɓa cizo har ya huda fata, ko yana sandarewa yana gurnani in an matso kwanonsa, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a kai mutum asibiti, kai kuma ka nemi likitan dabbobi da mai horarwa da zaka je ka ga yadda yake aiki da idonka kafin ka miƙa masa igiyar.